Farar Ƙasa a Tsagar Dutse

Sallau mai shagon taki ne a bakin kasuwar Tsaunin Gora, wani ƙauye da ke gindin duwatsu tsakanin Rurum Sabon Gari da Zurgu. Mutum ne mai fara'a, mai son fararen kaya, ga zaƙin baki. Manomi zai shigo shagonsa neman takin gero ya fita har da maganin feshin da bai yi niyyar saya ba, yana kuma yi masa godiya. Da soja suka koma bariki siyasa ta dawo, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano, sai Sallau ya ji shagon ya yi masa kaɗan. Kujerar kansila yake so. Abin da ya rasa shi ne wani babban alkawari da zai riƙe a hannu, wanda abokan takararsa ba su da irinsa.

A bayan garin akwai ramin fasa dutse. Wani kamfani ne ya zo neman tsakuwar aikin titi, ya kwashe jar ƙasar da ke sama, ya shiga cin dutsen da nakiya har wurin ya zama wani ƙaton kwari mai bango tsaye. Hanyar da kamfanin ya yi wa tifofinsa ta bi ta kan tsohon ramin da matan garin ke ɗiban yumɓu, ta binne shi. Don a zauna lafiya, manajan ya bar musu kusurwar gabas ta kwarin, inda dutsen ya ruɓe ba ya yin tsakuwa. A nan ƙasa, inda ruwa ke kwanciya da damina, akwai yumɓu ruwan toka mai danƙo, na ginin tukwane. A jikin bangon kuma, daga sama zuwa ƙasa, wani farin layi ya ratsa baƙin dutsen kamar an kwararo nono, faɗinsa bai fi ƙofar ɗaki ba. Farar ƙasa ce. Matan kan ɗan ɓantaro ta su shafe ɗaki in salla ta matso, ko su yi wa tulu ado.

Babbar maginan tukwanen ita ce Iya Saude, kuma ita ce ta haifi Zubaida matar Sallau. Tun rasuwar mijinta da ginin tukwane take riƙe da kanta, randunanta har Rano ake kai su. Tsakaninta da Sallau akwai kunyar surukuta irin ta da. Bai taɓa cin ko goro a gabanta ba, in ya hango ta a hanya yakan ratse, ita ma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce baban Muhsina. Amma ban da wannan kunyar da kowa ya sani yake kuma yabawa, akwai wata da ya ɓoye a ransa. Ba ya son a ce surukar mai neman kansila ce waccan da ke fitowa daga rami da laka har gwiwar hannu, leburori na kaucewa tana wucewa da kwando a ka.

Wani direban tifa ne ya fara kunna masa wutar. Ya shigo shagon ya tarar da wani dunƙulen farar ƙasa da Zubaida ta ajiye, ya murza ya ce a wani gari a ƙasar Katsina ya taɓa ɗaukar irinta zuwa kudu, da ita ake yin farantin tangaran da fenti, har da ƙwayar magani. Sallau ya riƙe maganar a ransa. Washegari ya ƙulla dunƙulen a leda ya hau mota zuwa wurin Dakta Mukhtar, ɗan Durba ta ƙasar Kibiya, wanda ke koyar da ilimin duwatsu a jami'a. Sun yi firamare tare, ko da yake Mukhtar na gaba da shi.

Dakta Mukhtar ya murƙushe ƙasar a tafin hannu, ya ɗiga mata ruwa, ya ɗan taɓa busasshiyar a harshensa ta manne.

"Ita ce," in ji shi. "Mai kyau ce kuwa. A ina ka samo?"

Sallau ya ba shi labarin ramin da farin layin.

"To, tsaya ka ji, Sallau. Duwatsun nan namu, a can da daɗewa narkakku ne, wuta ce ta turo su daga ƙarƙashin ƙasa suka huce suka daskare. Da suna hucewa sai suka tsattsage. Ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin dutsen a hankali har ya mayar da shi wannan farar ƙasar. Wani wurin ruɓewar kan yi faɗi, a shekara ana ɗiba ba ta ƙare ba. Wani wurin kuma iyakarta tsagar nan, ka tona kaɗan ka ci karo da dutse. Daga nan ofis ba zan iya gaya maka wacce ce taku ba. Ka bari in gama da jarrabawar ɗalibai in zo in gani da idona. Kafin nan kada ka yi wa kowa alkawarin komai."

Sallau ya ce to. Amma a motar komawa gida, abin da ya rage a kunnensa shi ne mai kyau ce kuwa. Zaɓen fid da gwani ya matso, jarrabawar ɗalibai kuwa ba ta san da wannan ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika gari. Sallau ya gano arziki a bayan dutse, babban malamin jami'a ya tabbatar, za a kafa kamfanin tangaran, samari za su daina tafiya ci-rani. Yana faɗa yana ƙarawa, har shi kansa ya fara ganin hayaƙin kamfanin. Daga nan duk kwandon da ya ga wata mata ta fito da shi daga kwarin, sai ya ji kamar daga jikinsa aka yanka. Ba shi kuma da bakin da zai ce wa surukarsa ta daina.

Sai ya je wurin Malam Dalhatu, mai makarantar allo, wanda garin ke jin maganarsa. Ya same shi da hantsi a zaure yana duba allunan ɗalibai. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, wani abu ne ke damuna. Yanzu da Allah ya kawo mu zamanin shari'a, ga matanmu can a ramin dutse suna cakuɗa da leburori, waɗansu ko riga babu a jikinsu, waɗansu ma ba mu san daga inda suka fito ba. Har da uwayenmu a ciki."

Malam ya shafa gemu. "Ka yi tunani mai kyau. Amma sana'arsu ce, da ita suke ci. A nema musu lokacin da mazan ba sa nan. Ranar Juma'a kamfanin ba ya aiki, da sassafe ma kafin a tayar da inji babu kowa. A yi magana da manajan a tsara musu haka."

"Haka za a yi, Allah gafarta Malam."

Ba haka aka yi ba. Sallau ya je wa manajan da cewa malaman gari sun hana mata shiga kwarin, manajan kuwa baƙo ne da ba ya son rigima da malamai a irin wannan lokaci. Sallau ya tara waɗansu samari masu ɗokin aikin addini ya gaya musu Malam ya ce. Ya ba su waya mai ƙaya suka kewaye kusurwar gabas gaba ɗaya, da farar ƙasar da yumɓun.

Ranar da matan suka zo suka tarar da waya, Sallau yana can nesa a bayan wata tifa yana kallo. Ya ga samarin sun tare hanya, ya ga matan sun ɗaga murya, ya ga Iya Saude ta ɗaga hannu sun yi shiru. Ta matsa ta dubi wayar, ta daɗe tana dubanta. Daga baya samarin suka gaya masa abin da ta ce. Ta tambaya wa ya hana, suka ce Malam, ta ce to, in Malam ne ai shi ke nan. Ta mayar da kwandonta ka ta juya, sauran suka bi ta.

Da ya koma gida Zubaida ta kawo masa abinci ta zauna a gefe.

"Baban Muhsina, ka ji an kori su Iya daga rami?"

"Na ji. Maganar malamai ce, ni ina ruwana."

"Amma kai ne kake ta zancen farar ƙasar nan."

"Ke Zubaida, shari'a ce fa. So kike in ja da Malam?"

Ta dube shi, kallon da bai yi tsawo ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Sallau ya lallashi kansa da cewa in kamfani ya kafu Iya ba za ta ƙara taɓa laka ba, zai gina mata ɗakin siminti.

Matan suka koma ɗibar yumɓu a wani fadama can wajen Durba. Tafiya ce mai nisa, ga rafi a tsakani, ga damina ba ta gama janyewa ba. Sukan fita da sanyin safiya su dawo rana ta take, wuya ya sage. Tukwane suka yi ƙaranci a kasuwa. Sallau yana gani yana kawar da kai, domin ya shiga shirin babban taro. Ya gayyato manyan jam'iyya daga Rano, ya roƙi manajan ya ara masa katafila mai haƙa don a buɗe ma'adinin a gaban jama'a, ya aika wa Dakta Mukhtar cewa ya zo ya duba wurin ranar kaza, bai gaya masa taro ne ba.

Ana cikin wannan hidimar Zubaida ta tare shi a ƙofar gida da mayafinta a hannu. Ta ce an aiko Iya ta zame a bakin rafi da kaya a kanta, za ta je ta gani.

"Subhanallahi. Targaɗe ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ki gaishe ta. In an gama taron nan zan shigo."

Ta tafi da Muhsina a baya. Ba ta dawo ba ran nan, ba ta dawo washegari ba, shi kuwa yana can yana neman kujeru da lasifika.

Ranar taro aka kafa rumfuna a bakin kwarin. Jama'a suka zo daga Zurgu da Rurum, har Fulanin rugagen bayan dutse sun tsaya daga nesa da sandunansu. Sallau ya sha farar shadda sabuwa fil. Dakta Mukhtar ya iso cikin tsohuwar motarsa da takalmin shiga daji da 'yar guduma a hannu, ya ga rumfuna ya tsaya turus. Sai ya gangara cikin kwarin. Sallau na hango shi yana bin farin layin da hannu, yana ƙwanƙwasa dutsen hagu da dama, ya hau sama ya leƙa ta bayan bangon. Da ya fito sai ya jawo Sallau bayan wata mota.

"Me na ce maka a ofis?"

"Dakta, lokaci ne ya ƙure."

"Kada ka bari injin nan ya taɓa bangon a gaban mutane. Tsaga ce kawai. Tana tsukewa tana shiga ciki, ta bayan bangon ma babu alamarta. Ka ce musu an ɗage, ka ce ni na ce sai an yi gwaji. Ka ɗora mini laifin."

Sallau ya dubi rumfunan. Manyan baƙi sun zauna, mai lasifika yana ta kiran sunansa, Malam Dalhatu ya gama addu'ar buɗe taro. Sallau ya ce a ransa malaman boko haka suke, kullum cikin tsoro. Ko rabin abin da yake zato aka samu ai ya isa a gani.

"Dakta, bari dai a ɗan taɓa."

Ya karɓi lasifika ya yi jawabi, jawabin da bai taɓa yin mai daɗinsa ba. Ya ce 'ya'yansu za su ci abinci a farantin da aka yi da ƙasar garinsu. Aka yi tafi, aka yi kabbara. Ya ɗaga hannu, katafila ta yi gurnani ta gangara.

Da ta kafa haƙoranta a bangon ta ɗebo, sai ga ƙasa fara tas tana zubowa kamar garin rogo. Wurin ya ɗauki sowa. Wani babban baƙo ya miƙe ya kama hannun Sallau ya ɗaga sama. Ta sake ɗebowa, wannan karon da ɓaraguzan dutse a ciki. Tana ƙara kai hannu sai aka ji wata ƙara mai sa haƙori tsami, tartsatsi ya tashi, injin ya girgiza. Direban ya ja baya ya gwada ta hagu, dutse. Ya gwada ta dama, dutse. Ya kankare ƙasa, ya kankare sama. Inda farin layin yake sai wani kwarmi, a can cikinsa farar ƙasar ta tsuke ta koma kamar faɗin tafin hannu, baƙin dutse ya matse ta ta kowane gefe. Abin da aka tara a ƙasa ba zai cika tifa ɗaya ba. Garin juyawa da neman wurin tsayawa kuma, katafilar ta ture tarin ɓaraguzan da ke gefe ya rufta kan ramin yumɓun matan.

Direban ya kashe inji ya leƙo ya buɗe hannuwa. Wurin ya yi tsit har ana jin kukan akuya daga cikin gari.

Babban baƙon nan ya saki hannun Sallau. Ya ce ai ga malamin jami'a, a ba shi lasifika ya yi bayani. Dakta Mukhtar ya karɓa ba da son ransa ba. Ya yi magana a taƙaice, yana ta zagaye don ya rufa wa abokinsa asiri. Ya ce ƙasar mai kyau ce, ba a yi ƙarya ba, sai dai irin wannan tana bin tsagar dutse ne, wani lokaci da yawa wani lokaci kaɗan, ta nan kuwa kaɗan ce, ta isa shafen ɗaki da adon tukwane amma ba ta isa kamfani ba.

Daga bayan taron wani ya ɗaga murya ya ce, "Tangaran dai ya fashe!"

Dariyar ta fara daga baya ta gangaro gaba, har waɗanda ke zaune a kujera suna rufe baki da hannun riga. Sallau na tsaye a tsakiyar fili, farar ƙura ta sauka a kan hularsa da girarsa. Ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa, sai ya sa shi a kan takalminsa. Baƙi suka shiga motoci ba su tsaya cin shinkafar ba. Tun daga ranar yara suka fara ce masa Tangaran.

Jama'a na watsewa Malam Dalhatu ya zo wucewa ta kusa da shi. Sallau ya durƙusa. Malam ya tsaya, bai ɗaga murya ba.

"Sallau, jiya na je duba Saude. A can na ji abin da aka ce na ce."

"Allah gafarta Malam..."

"Ni ban hana kowa neman abincinsa ba. Kai ka san abin da na faɗa maka. Ka ɗauki sunana da sunan shari'a ka yi shinge da su. Ranar Juma'a zan gaya wa mutane ban ce ba. Ba zan kira sunanka ba, amma ba zan ɗauki abin da ban yi ba." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Ƙafar Saude karaya ce, a cinya. Ka je?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Malam ya gyara rawaninsa ya wuce.

Da la'asar ya tafi gidan Iya Saude, ta bayan gari, bai ko canja rigar ba. A tsakar gidan ga tukwane ɗanyu an jera an bar su ba a ƙarasa ba, waɗansu sun tsage. Mata maginan tukwane suna zaune a inuwar ɗaki sun zo dubiya. Da ya yi sallama suka amsa a ciki-ciki, hira ta mutu. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya je ƙofar ɗakin ya tsuguna a gefen labule. Warin man ɗori na fitowa daga ciki.

"Iya, ina wuni. Ya jikin?"

"Lafiya lau. Da sauƙi, alhamdu lillahi." Muryarta ta yi ƙasa, amma ba ta rawa. "Zubaida, kawo wa baban Muhsina tabarma."

"A'a, nan ma ya isa."

Ya daɗe a tsugune. Ya shirya magana a hanya, yanzu ta gudu. Daga ƙarshe ya ce, "Iya, wayar nan da aka sa a rami, ba Malam ne ya..."

"Zubaida," in ji tsohuwar daga ciki, kamar ba ta ji shi ba, "ki ce wa baban Muhsina ya bar maganar nan, akwai mutane. Ki ce masa na sani tun ranar. Wayar ai na sha ganinta a naɗe a bayan shagonsa in na kai tukwane kasuwa."

Zubaida na tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ba ta maimaita ba, babu bukata. Wannan ne karon farko da ita ma ta ji, ya gani a fuskarta.

"Ban gaya wa kowa ba," in ji Iya Saude. "Da na faɗa, mijin wa za a zaga? Ki ce masa Allah ya kiyaye gaba. Ya tashi, ƙafarsa za ta yi tsami."

Matan da ke inuwa duk sun ji. Ɗaya ta kawar da kai tana karkaɗe zaninta. Da a ce tsohuwar ta zage shi, da ya sami abin riƙewa. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki takalmansa a hannu, bai tuna ya sa su ba sai da ya fita ƙofar gida.

Washegari ya je da kansa ya kwance wayar, ƙaya na yankar hannunsa, leburori na kallonsa daga kan tarin tsakuwa. Ya yi ta sintiri wurin manajan har ya yarda aka kwashe ɓaraguzan da suka rufe yumɓun, ko da yake rabin ramin ya riga ya cakuɗe da tsakuwa. Ranar Juma'a Malam ya yi bayaninsa bayan salla, bai kira suna ba, amma sahun gaba da na baya duk sun san wanda ake nufi. Aka tsara wa matan lokacinsu kamar yadda Malam ya faɗa tun farko, suka koma. Maganar takara kuwa ba wanda ya ce masa ya janye. Kawai dai aka daina zuwa ɗaukarsa taro, hotunansa da ke jikin bango ruwa ya wanke su.

Zubaida ta zauna jinyar uwarta. Sallau ya rasa abin da zai yi da kansa, sai ya fara zuwa ramin da buhu yana ɗebo yumɓu, ya ɗaure a bayan babur ya kai ƙofar gidan Iya ya ajiye, wai ko matan da ke taya ta aiki za su samu. Hanyar kuwa ta tsakiyar kasuwa ta bi. Mutane suka riƙa fitowa daga rumfuna suna kallo, masu shayi suna yi masa sannu da aiki da wata irin murya. Ya daure, yana ganin wannan ne hukuncinsa. Bai daɗe yana yi ba Zubaida ta tare shi a ƙofar gidan.

"Iya ta ce ka daina."

"Me ya sa? Ai ba wani abu ba ne."

"Ta ce kana ƙara tara mata idon jama'a. Duk wanda ya gan ka da buhun nan sai ya tuna, ya zo yana yi mata jaje sabo. Ta ce ta gaji da jajen."

Ya kwance buhun ya jingine a bango, ya tura babur ɗin har gida bai hau ba.

Ƙafar ta ɗoru, amma ta gajarce. Iya Saude ba ta ƙara gina randa ba, domin randa sai mutum na tsaye yana zagaya ta. Ta koma yin kasko da ƙananan tukwane daga zaune, wata 'yar ƙanwarta ke ɗebo mata yumɓun. Sai bayan da ta fara takawa da sanda, an riga an yi girbi an kai dawa rumbu, Zubaida ta dawo ɗakinta. Ta share gidan, ta wanke kwanukan da suka taru, ta ɗora girki kamar jiya ta fita. Da yamma ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ta ajiye abinci. Muhsina na wasa da murfin kwano a gefe.

Sallau ya buɗe kwanon ya rufe. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Zubaida, Iya ta yafe mini kuwa?"

"Ita ai tun tana kwance ta yafe."

Ya ɗago kai.

"Ni ce ban gama ba," in ji ta. "A gabana ka zauna ka ce ina ruwanka, na kuma je na faɗa wa uwata haka, ina kare ka. Ka ci abincinka, zai huce."

Ta ɗauki yarinyar ta shiga ɗaki. Sallau ya zauna da kwanon a gabansa har aka kira magariba, sannan ya tashi ya ɗauki buta.